Sun ɗauke min bidiyon alkaki, sun datse sunana, suna cin kuɗin talla da shi

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku ba ni shawara, tun jiya raina a ɓace yake. Ana saura mako guda ƙaramar Sallah na yi bidiyon yadda ake alkaki, na sa a tashata ta YouTube da shafina na Facebook. Wadda ta taɓa ɗaukar girki ita kaɗai ta san wahalar. Kwana biyu na yi a kansa, don sai da kwaɓin tsakin alkamar ya kwana ya tashi, wayar kuma a jikin taɓarya na ɗaure ta da ɗankwali na tokare a turmi, saboda ba ni da abin kafa ta. Wurin suya har mai ya fallatso min a bayan hannu.

Jiya ƙanwar maigidana ta turo min bidiyo daga wani babban shafi, wai "Anti kalli wannan, irin naki sak." Ina buɗewa na ga hannuna. Lallena, tabon ƙunar, har farantin tangaran na kayan auren mahaifiyata mai ɗan ɓalli a baki. Sun datse ƙasan hoton inda sunana yake, sun ɗora tambarinsu a sama, talla na shigowa a tsakiya. Suna da shafin intanet, can ma sun sa shi, sun kewaye shi da tallace-tallace. Nawa bai kai kallo dubu huɗu ba, nasu ya haura dubu ɗari uku. Na yi musu magana ta akwatin saƙo, sai aka ce min wai tallata ni suke yi, kuma abin da aka sa a intanet na kowa ne. Da gaske haka dokar take? In ba haka ba ne, ina zan nufa?

DanFagge:
Hajiya sai haƙuri. Duk abin da kika ɗora kin sallama shi. In ba kya son a ɗauka, ki bar shi a wayarki.

Bazamfariya:
@DanFagge to mai shadda da ya baje kayansa a Kantin Kwari shi ma ya sallama, kowa ya zo ya yanki yadi biyar? Tallata ta suke yi amma suka datse sunanta. Wa za a tallata, tabon ƙunar? Kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi.

Lauyan_Unguwa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da suka gaya miki ba shi da tushe. Dokar haƙƙin mallaka da ake aiki da ita yanzu a Najeriya ita ce ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali tun 1988, lokacin da ba mu san intanet ba. A ƙarƙashinta, daga ranar da kika ɗauki bidiyon nan ya zama naki. Ba sai kin yi rajista ba, ba sai kin rubuta komai a jikinsa ba. Rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka tana taimakawa wurin kafa hujja, amma ba ita ke haifar da haƙƙin ba. Kwafarsa, da sake ɗora shi inda jama'a za su kalla duk lokacin da suka ga dama, sai da izininki. Datse sunanki kuma laifi ne mai zaman kansa, don doka ta ba mai aiki haƙƙin a danganta masa aikinsa.

Abu ɗaya dai ki sani: alkaki ba naki ba ne. Wata za ta iya kallon naki, ta shiga kicin ɗinta ta bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki nata bidiyon da nata hannun, ba ki da ta cewa. Dabarar girki ta kowa ce. Hoton da kika ɗauka da muryarki da yadda kika haɗa su, su ne naki.

Maman_Ilham:
Na gode Barista. Ai ni ma a wurin kakata na koya, ban ce ni na ƙirƙiro alkaki ba.

Oga_Trending:
Bari in faɗi nawa ko da za a yi min ca. Ni ina da shafi, kuma ina saka bidiyon mutane. Amma kullum ina rubuta kiredit a ƙasa, in sa sunan mai shi. Yara nawa masu barkwanci suka yi suna ta hanyar irinmu? Wasu har roƙona suke in saka nasu. Wanda ya datse sunan Hajiya bai kyauta ba, na yarda, amma kar a haɗa mu duka a kira mu ɓarayi. Kuma ni abin da na sani, in bai wuce sakan talatin ba doka ta yarda.

Lauyan_Unguwa:
@Oga_Trending wanda ya roƙe ka ka saka nasa ya ba ka izini, wannan babu magana. Wanda bai roƙe ka ba fa? Kiredit ba izini ba ne. In na ɗauki babur ɗinka na yi haya da shi yini guda, na rubuta sunanka a jikin tanki, na biya ka ke nan? Maganar sakan talatin kuma babu ta a dokar Najeriya, babu ta a ta Amurka. A bakin mutane kawai take yawo.

Abin da doka ta yi wa uzuri shi ne ɗaukar wani sashe don suka, ko bita, ko rahoton labarai, ko nazari, ko shaguɓe. A nan ma alƙali zai duba me ka yi da shi, na kasuwanci ne ko a'a, nawa ka ɗiba, kuma ko abin da ka yi ya kashe wa mai shi kasuwa. Wanda ya ɗauki bidiyon Hajiya ya tsaya yana sharhi cewa suganta ya yi yawa, yana nuna ɗan guntu, yana da abin faɗa. Wanda ya kwashe shi ɗungurungum ya sa talla ba shi da ko ɗaya.

Bazamfariya:
@Oga_Trending tambaya ɗaya. Kuɗin da Facebook ke turo maka, masu kiredit ɗin nawa kake ba su?

Oga_Trending:
Anti ai data nake saye, ina biyan yara biyu masu kula da shafin. Ba kyauta ake tara mabiya ba.

Edita_Gwammaja:
Ni aikin haɗa bidiyo nake yi, bari in bar doka ga Barista in faɗi abin da ake yi a aikace. Satar nan ta daɗe, amma ta yi ƙamari ne daga tsakiyar 2024 da Facebook ya buɗe wa 'yan Najeriya biyan kuɗin talla. Da don suna ake yi, yanzu don dala. A YouTube kafin a fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, sannan kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan dogon bidiyo naka ne. Wanda ba zai iya zaman kwana biyu kan alkaki ba, hanya mafi sauƙi ita ce ya kwashi na mutum ɗari. Za ki ga sun juya hoton dama ta koma hagu, sun ɗan ƙara masa sauri, sun kewaye shi da firam. Duk don kar na'ura ta gane ne.

Hajiya ga abin yi. Da farko kar ki goge asalin ɗaukar da ke wayarki, wadda ba a yanka ba, ita ce babbar shaidarki. Ki yi sikirinshot na shafinsu da ranar da suka saka da yawan kallon, ki kwafi adireshin bidiyon nasu da na naki. Sannan kar ki tsaya tara ƙawaye su yi ta danna rifot, wannan ba ya kai ko'ina a maganar haƙƙin mallaka. Akwai fom na musamman na ƙorafin haƙƙin mallaka a Facebook, mai abu ne kaɗai ko wakilinsa ke cikewa. Shi za ki nema. Gargaɗi ɗaya: sunan da kika rubuta da imel ɗinki suna isa ga wanda kika kai ƙara. In ba kya so su sami na gida, buɗe imel na tashar daban.

Maman_Ilham:
@Edita_Gwammaja Allah ya saka da alheri. Asalin yana nan, har da inda Ilham ta shigo tana kuka na yanke. Na shafin intanet ɗin fa?

Edita_Gwammaja:
Shi sai kin duba wani abu. Danna bidiyon a shafin nasu. In kika ga alamar YouTube da sunan tasharki, to taga kawai suka buɗe zuwa naki, kallon ke ake lissafa wa, kuma sharuɗɗan da kika amince da su ranar buɗe tasha sun yarda da hakan, sai dai in ke kika kashe damar a saitin bidiyon. Haka wanda ya danna "share" a Facebook, bai sace ba. In kuwa sauke shi suka yi suka sake ɗorawa da nasu tambarin, wannan ita ce satar.

Maman_Ilham:
Na duba. Nasu tambarin ne, babu alamar YouTube ko kaɗan.

Baba_MaiKaset:
'Ya'yana ina ta karanta ku ina dariya ni kaɗai. Ni na yi sana'ar kaset a Ƙofar Wambai tun kafin a haifi wasunku. Kun san yadda muke yi da masu fim a lokacin? Furodusa zai kawo mana uwar kaset ɗaya, ya je ya bugo kwalaye masu hoton 'yan wasa. Kwalin muke saye a hannunsa, mu kuma mu sayi kaset maras komai mu jera bidiyo-bidiyo a ɗaki suna ta kwafa dare da rana. Wato kwalin nan shi ne haƙƙin mallakarsa. Kaset a cikin kwalinsa halal, kaset tsirara ko a kwalin jabu sata. Ba mu san wata doka ta Abuja ba, amma kowa a kasuwa ya san wannan, kuma in an kama ka shugabannin kasuwa za su zauna a kanka.

Da CD ya zo abin ya fara lalacewa, da 'yan dawunlodin suka zo da kwamfuta a bakin titi suna tura fim a memori kan 'yan canji, sai kasuwar ta mutu murus. Yau ina sayar da caja da murfin waya. Abin da ya sa na kawo wannan, mu a lokacin ɓarawon muna ganinsa, mun san rumfarsa, mun san ubansa. Ke 'yata naki ɓarawon ko sunansa ba ki sani ba.

Kuma kar in yi ƙarya a tsufana: finafinan Indiya da na Cana da muka yi ta kwafa, ba wanda ya taɓa tambayar masu su.

DanFagge:
Yauwa Baba, ka faɗi gaskiya. Masana'antar fim ɗin kanta da karin waƙoƙin Indiya ta tashi. Yau ga fassarar Indiya-Hausa cike da wayoyinmu, wa ya nemi izinin Bombay? Kowa yana ci, sai an taɓa nasa ya tuna da doka. Wanzami ba ya son jarfa.

Bazamfariya:
To Maman Ilham ce ta fassara fim ɗin Indiya? Matar nan alkakinta ta soya. Don wani ya yi sata a unguwa ba a ce gidan kowa ya zama na banza ba.

Almajirin_Zaure:
Tunda an ambaci halal da sata, bari in sa baki kaɗan. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disamba na 1988 kan wannan mas'ala, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙimar dukiya a al'adar zamani, shari'a tana kare su, kuma bai halatta a yi ta'addanci a kansu ba. Akwai malaman da suka saɓa, musamman a kan littattafan addini, suna tsoron kar ya zama ɓoye ilimi. Amma ko a wajen waɗannan, cire sunan mai aiki ka sa naka yaudara ce, ita kuma ba a yi saɓani a kanta ba.

Abin da ke ci min rai ma shi ne karatun malamai. Malam zai ce a yaɗa don Allah, sai wani ya yanka tafsirin Ramadan gunduwa-gunduwa, ya sa masa take mai tayar da fitina wanda malam bai faɗa ba, ya kunna talla. Da idona na ga tallan caca ya katse karatun Ashafa.

Hajiya_Turai:
Allah gafarta Malam, ai wannan na ƙarshen ya fi ciwo. Amma in malam ya ce a yaɗa, ba ya ba da izini ke nan ba?

Almajirin_Zaure:
Ya ba da izinin yaɗawa, Hajiya, bai ba da na kasuwanci da shi ko canza masa ma'ana ba. Wanda ya ce ki sha ruwan randarsa bai ce ki ƙulla a leda ki kai tasha ba.

Lauyan_Unguwa:
Malam ya faɗi abin da mu ma muke faɗa da wani harshe. Izini yana da iyaka. Akwai ma tsarin da aka yi don haka, Creative Commons. A YouTube mai bidiyo zai iya zaɓar lasisin da ya yarda kowa ya ɗauka ya sake amfani da shi, har don kuɗi, da sharaɗin a ambaci sunansa. @Oga_Trending irin waɗannan ne kiredit ɗinka ke wadatarwa. Hajiya ki duba saitinki ki tabbata ba shi kika zaɓa ba da kuskure.

DanMaradi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan abin namu ya hi naku ciwo. Lokacin da na buɗe tashata, Nijar ba ta cikin ƙasashen da YouTube ka biya. Sai mu yi wasan kwaikwayo, mu kashe jikka talatin wajen kamara da mai da abincin yara, mu sa a salula, kwana biyu mu gan shi a tashar wani can ƙetare shina cin kuɗi da shi. Mu da munka yi ko dala ba mu gani ba. Muna da BNDA a Yamai, ofishin haƙƙin mawallafa, amma mai tasha da ke wata ƙasa mi za su yi mishi? Barista, dokarku ta kama ɗan Najeriya da ya ɗauki na ɗan Nijar?

Lauyan_Unguwa:
@DanMaradi ta kama shi. Najeriya da Nijar duk suna cikin yarjejeniyar Berne, wadda aka fara ƙullawa tun 1886, kuma ƙa'idarta ita ce kowace ƙasa ta kare aikin ɗan ƙasar da ke cikin yarjejeniyar kamar yadda take kare na ɗanta. A aikace ma ba sai ka tsallako ba. YouTube da Facebook kamfanonin Amurka ne, suna bin dokarsu ta 1998 da ake kira DMCA: in mai abu ya aiko da ƙorafi cikakke sai su sauke, don kar laifin ya hau kansu. Fom ɗin bai tambayi ko ana biyan ƙasarka ba. Sabuwar dokarmu ma ta shigo da irin wannan tsarin na sanarwa da saukewa.

Edita_Gwammaja:
Ƙari a kan na Barista: a YouTube duk ƙorafin da aka karɓa gargaɗi ne a kan tashar, yana ɗaukar kwana 90 kafin ya goge, in suka taru uku ana iya rufe tashar gaba ɗaya. Shi ya sa masu kwashe-kwashe ke tsoronsa fiye da kotu. Amma wanda aka sauke wa yana iya mayar da martani ya ce ƙarya ne, daga nan kana da kwanakin aiki goma ka nuna ka shigar da ƙara kotu, in ba haka ba a mayar da bidiyon. A nan talaka ke sarewa.

Sautin_TudunWada:
Ku kuna maganar a sauke na ɓarawo. Ni ɓarawon ne ya kama ni. Waƙar biki na yi, na biya situdiyo da kuɗina, na raba ta a waya kamar yadda muka saba. Bayan wata biyar na buɗe tasha na ɗora, sai ga sanarwa wai waƙar mallakin wani ce, kuɗin tallan nasa ne. Ashe wani ya ɗauke ta ya kai wa kamfanin rarraba waƙoƙi na waje da wani suna, su kuma suka shigar da ita na'ura. Muryata, ina ambaton sunan amarya da na kakarta, amma wai ni ne mai kwafa.

Edita_Gwammaja:
Content ID ke nan. YouTube ya fito da shi a 2007, shekarar da kamfanin Viacom ya maka shi kotu yana neman dala biliyan ɗaya, shari'ar da ba a sasanta ba sai 2014. Na'urar tana ɗaukar zanen sauti da hoto ne ta kwatanta, ba ta san wa ya yi wahala ba, wanda ya riga kai mata shi ta sani. Kuma ba kowa ake ba ba, sai manyan masu kaya da kamfanonin rarrabawa. A Amurka an ɗaure wasu mutum biyu da suka ci sama da dala miliyan 20 ta wannan hanya, suna da'awar waƙoƙin mawaƙan Latin Amurka da ba nasu ba, shekaru ana biyansu. Ka shigar da jayayya a cikin tashar, masu da'awar waƙar suna da kwana 30 su amsa. Ka nemi mai situdiyon ya ba ka asalin fayil ɗin aikin da takardar shaida. Gobe kuma kafin waƙa ta fita waya, ka riga kai ta da sunanka.

Sautin_TudunWada:
Mai situdiyon ya ce kwamfutar ta ƙone tun bara. Sai dai amaryar ta zo ta yi shaida.

DanFagge:
Ni fa na je na kalli bidiyon Hajiya na asali. Alkakin ya yi kyau, ba ƙarya. Amma Hajiya, kiɗan nan da ke tashi a ƙasa tun daga farko har ƙarshe, ke kika buga shi?

Maman_Ilham:
Innalillahi. Wata waƙar biki ce da ke wayata, na ga shirun ya yi yawa wurin naɗin alkakin sai na sa. Wallahi ban kawo komai a raina ba.

DanFagge:
Laifi tudu ne. Na gama magana.

Bazamfariya:
Kai dai ka samu abin da kake nema. Wadda ta sa waƙa cikin rashin sani da wanda ya zauna ya datse suna da gangan ba ɗaya ba ne.

Lauyan_Unguwa:
Ba ɗaya ba ne a niyya, amma @DanFagge yana da gaskiya a nan. Waƙar tana da mai ita, kuma rashin sani ba ya mayar da ita taki. Sai dai hakan bai cire miki haƙƙin hotonki da muryarki ba, ƙorafinki yana nan daram. A fom ɗin ki faɗi abin da yake naki kawai, kar ki yi da'awar kiɗan. Wasu kuma suna tunanin tsohuwar waƙa ta zama ta kowa, wannan ma a kula. Waƙa da rubutu suna da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai su. Shata ya rasu a 1999, ku yi lissafi. Bidiyo kuma shekara 50 daga fitowarsa.

Edita_Gwammaja:
Hajiya akwai ɗakin kiɗa na kyauta a cikin YouTube Studio, ki riƙa ɗauka daga can. Ko ki bar ƙarar man kawai, masu kallon girki suna son ta. Tambarinki kuma daina sa shi a ƙasa. Sa shi a tsakiya dishi-dishi, ko ki rubuta sunan tashar a jikin katakon yanka, ki kuma riƙa faɗinsa da baki a tsakiyar bayani. Wanda zai datse wannan sai ya datse alkakin.

Alƙalamin_Dare:
Ku bar ni in yi kukana a nan tunda an buɗe. Mu marubuta littattafan Hausa an gama da mu. Wata takwas ina rubuta labari a waya, ina sayar da shi a rukunin WhatsApp naira ɗari biyar. Wata ta saya ta tura wa mai tasha, ya zauna ya karanta shi kashi arba'in da murya, ya sa hoton wata 'yar fim a fuska. Da na yi magana ya ce ai muryarsa ce, wahalarsa ce. Masoyansa suka yi min caa, wai ina baƙin ciki da mai neman halal.

Lauyan_Unguwa:
Muryarsa ce, labarinki ne. Karanta littafi a mayar da shi sauti sai da izinin marubuci. Ke ma fom ɗin nan naki ne, kuma kashi arba'in ba gargaɗi ɗaya ba ne in kika bi su. Akwai masu tashoshin da ke sayen izini a hannun marubuta kafin su karanta, su ya kamata a riƙa kai wa.

Maman_Ilham:
'Yan uwa ga inda aka kwana. Na cike fom ɗin ranar Talata, yau Asabar na duba an sauke na Facebook. Ba a yi awa biyu ba sai ga saƙo daga mai shafin, yanzu na zama "Mama". Wai yaransa ne suka saka bai sani ba, in taimaka in janye don kar a tsayar masa da kuɗi, yana da iyali. Har ya sa wata dattijuwa ta kira ni tana haɗa ni da Allah. Sannan ya ce in na yarda zai riƙa ɗaukar bidiyona yana ba ni wani abu duk wata, ya sa sunana. Na shafin intanet ɗin kuma yana nan bai cire ba. Maigidan ya ce in rabu da su kawai. Ni kuma wallahi zuciyata biyu.

Bazamfariya:
Kar ki janye. Da yana da niyyar gyara da ya fara cire na shafin intanet ɗin kafin ya turo tsohuwa.

Oga_Trending:
Hajiya ki karɓa. Shafi mai irin wannan jama'ar in ya sa sunanki wata ɗaya, mabiyanki sai sun ninka. Kotu ba za ta ba ki wannan ba.

Baba_MaiKaset:
'Yata, mu a kasuwa in an kama mutum ya zo da dattijo, ana sauraronsa, amma sai ya ajiye kayan a gaban mutane tukuna. Na baya fa, kallo dubu ɗari uku, ya ce wani abu a kai?

Lauyan_Unguwa:
Shawarar taki ce Hajiya. Shari'ar haƙƙin mallaka a Babbar Kotun Tarayya ake yinta, kuma gaskiya kuɗin lauya da zirga-zirga za su iya fin abin da za a samu a bidiyo ɗaya. Na shafin intanet ɗin ana iya gano kamfanin da ya ba su masauki a rubuta masa, a kuma kai ƙorafi Google ya cire shi daga sakamakon bincike. In kuma za ki yi ciniki da shi, kar ki yi a baki. A rubuta waɗanne bidiyoyi, a wane shafi, na wata nawa, nawa zai biya kuma yaushe, sunanki ba zai taɓu ba, ba zai ba wani ba. Ki kula da kalmar "mallaka" ko "ni kaɗai" a takardar. Aro kike ba shi, ba sayarwa ba. In kika sa hannu kan sayarwa, gobe shi zai kai ƙarar tasharki a kan hannunki da farantin mahaifiyarki.

Maman_Ilham:
Baba bai ce komai kan na baya ba. Zan tambaye shi in ji. Barista in na turo maka abin da ya rubuto za ka duba min?

Lauyan_Unguwa:
Turo, amma sai bayan Magariba.

Hajiya_Turai:
Maman Ilham yanzu ina TikTok na ci karo da shi a wani asusun daban, an juya hoton, tabon ya koma hannun hagu. An sa muryar wata a kai tana cewa girkin kakarta ne. In turo miki adireshin nan ko ta akwati?